Ƙafar Fermin da Faifai Mai Sifili Ɗaya

Likitar ta faɗa a gaban kowa, har da nunawa da hannu: ƙafar nan ta zauna a sama, a riƙa wanke gyambon safe da yamma, a kuma dawo mata da shi duk ranar Laraba. Mai ciwon sukari, in ji ta, ba ya wasa da rauni a tafin ƙafa. Fermin Arriaga ya gyaɗa kai. Ɗansa Dominic ma ya gyaɗa, har ya fi uban gyaɗawa. Charlene, matar ɗan, ta dafa ƙirji ta ce, "Likita, ki bar mana wannan. Ai ubanmu ne."

Mako bai zagayo ba Fermin ya tarar da Dominic durƙushe gaban keken guragunsa, sukudireba a hannu, yana kwance ƙarfen nan da ake miƙe ƙafa a kai.

"Me ya yi maka?" in ji tsohon.

"Ba zai shiga ƙarƙashin tebur ba, Baba. Na auna jiya."

"Wane tebur?"

"Haba Baba. Tebur nawa ne a garin nan na Reno da zan tafi in auna?" Dominic ya ɗago yana murmushi, ya sassauta murya kamar mai faɗar sunan budurwa. "Gidan Dokin Azurfa sun kawo faifai mai sifili ɗaya."

Fermin ya yi kusan shekara arba'in yana juya faifan rulet a gidajen cacar garin nan, kafin wuyan hannunsa ya gaji. Da ya ji an ce sifili ɗaya sai zuciyarsa ta yi tsalle, wawiyar tsohuwa, kamar dokin da aka daina hawa ya ji ƙarar linzami. Daga baya, duk lokacin da ya tuna, wannan tsallen yake fara yi wa dariya. Ana kwance masa magani da sukudireba, shi yana tambaya ko faifan na katako ne ko na roba.

Teburin yana wani ɗan ɗaki can ƙurya, kujerunsa kaɗan. Da hantsi, ranakun aiki, masu katin tsofaffi kaɗai ake bari su zauna, a kuma sassauta musu mafi ƙanƙantar abin da za su ɗora, don gidan yana son ɗakin ya cika da furfura a lokacin da matasa ke wurin aiki. Dominic bai kai shekarun katin ba, aiki kuma ya rabu da shi tun bara. Amma yana da uba. Sharaɗin ɗaya ne, mai katin shi zai ɗora kuɗin da hannunsa.

"Ni ne kai, kai ne hannu," in ji Dominic. "Awa biyu kawai. Ƙafa ba ta ruɓewa cikin awa biyu."

Haka aka turo shi ta babbar ƙofa, ƙafar na reto kamar ta ɗan yaro a kan benci.

Teburin da ke fara tarar mutum daga ƙofa shi ne mai sifili uku. An kewaye shi da fitilu, baƙi daga wasu jihohi na ta ihu a kansa da kofunan giya a hannu. Fermin ya kau da kai. Shi tun yana saurayi yake ganin faifan nan dabba ce, koren ramin sifili kuma shi ne bakinta. Lambobi talatin da shida ne, rabi ja rabi baƙi. Ɗan ƙwallon ya faɗa ramin lambarka, a ba ka ninki talatin da biyar. Da a ce ramukan sun tsaya a talatin da shida, da kai da gida kun yi ta kunnen doki har tashin duniya. Sai aka ƙara koren rami, ba a ƙara ladan ba, to ta nan ake cin mutum. Mai baki ɗaya, irin na Turai, cikin kowace dala ɗari da ta bi ta kansa yana lashe kusan uku. Mai baki biyu, namu na gida, wanda Fermin ya tsufa yana kiwo, yana lashe biyar da ɗoriya. Mai baki uku kuwa, wannan sabon halitta na bakin ƙofa, kusan takwas yake haɗiyewa, kuma shi ne mutane suka fi rububi a kai, saboda ya fi fitilu.

Dominic ya haddace wannan lissafi tun yana ƙarami, a kan teburin kicin, da faranti da ƙwayar wake. Abin da ya tsinta a ciki shi ne, mai baki ɗaya ba ya ci.

Mai juya faifan ɗan ɗakin wata doguwar mace ce mai farin gashi a goshi, Odessa Pruitt, wadda Fermin ya koya wa sakin ƙwallo tun tana budurwa. Tana ganinsa ta riƙe haɓa.

"Wa nake gani haka? Baba Fermin! Ashe ba ka mutu ba?"

"Na je, sun ce in bi layi."

"To me ya kawo ka wancan gefen tebur? Ba kai ka ce mana duk wanda ya zauna nan kansa da motsi ba?"

"Na zo in tabbatar ne."

Faifan na katako ne, mai duhun ja, yana juyawa ba ƙara kamar ruwa a randa. Fermin ya kalle shi har idonsa ya kawo ƙwalla. Dominic ya tsaya a bayansa, ya riƙe hannayen keken, ya sunkuyo kusa da kunnensa. "Baƙi, Baba." Fermin ya tura kwabban roba kan baƙi. Ja ya fito. "Ninka." Ya ninka. Dabarar ke nan gaba ɗaya, in an faɗi a ninka, har ranar da za a ci a mayar da asara. Fermin ya ga mutum sama da dubu da wannan dabara, kowanne yana rufe baki da hannu kada a sace masa ita. Ya san inda take ƙarewa: kowane tebur yana da iyakar abin da za a ɗora, wata rana ja zai jeru har ninkin ya bugi iyakar nan, a share komai. Ya sani sarai. Amma hannunsa ya ji daɗin kwabban, ya riƙa jera su da yatsu biyu kamar dā, har wata tsohuwa da ke gefensa ta ce, "Kai, dattijo, ka iya!" Ya kuwa ji daɗi, shashasha.

Gidan caca ba taga, ba agogo. Awa biyu ta zama har la'asar. Da suka tashi, katin ya tara makin da ya isa cin abinci kyauta a ɗakin ci-ka-ƙoshi, Charlene ta iso daidai lokacin da robobi a cikin jakarta. Da suka koma gida ƙafar ta kumbura har silifa ta bar sawu a kanta.

Gidan na Fermin ne, amma tun da ya hau keke aka mayar da shi ɗan ɗakin baya, kusa da injin wanki, wai don babu matakala. Nan ya zauna da auduga da kwalbar magani a cinya yana jiran mai wanke gyambo.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji Charlene daga bakin ƙofa. "Ni jini ba na iya kallonsa, wallahi sai in yi amai. Dominic zai zo."

Dominic ya leƙo da burushi a baki. "Da safe, Baba. Ciwo ma yana son hutu."

Da safe kuma ana sauri kada kujeru su cika.

Fermin ya gwada yi da kansa. Tumbinsa ya tare hanya. Sai ya ɗaure madubin aski a bakin sandarsa da igiyar takalmi, ya miƙa shi ƙasa yana leƙen tafin ƙafar. Ramin ya yi masa kama da ramukan nan da ake gani a fuskar wata. Ya daɗe yana kallo, yana tunanin ko akwai wanda ya taɓa ganin tafin ƙafarsa sosai kafin ya mutu, ko kuwa yawancin mutane haka suke tafiya ba su san abin da suka taka duniya da shi ba. Abin mamaki, ba ya jin zafi ko kaɗan. Sukari ya riga ya kashe jijiyoyin wurin. Ya shafa abin da hannunsa ya kai, ya naɗe da bandeji a karkace, ya yaba wa kansa.

Laraba ta zo. Ashe ranar Laraba gidan yake ninka maki. Fermin yana jin Charlene a waya da asibiti, muryarta kamar zuma. "Yau bai tashi da ƙarfi ba, ba ma so mu wahalar da shi da mota. E, mako mai zuwa. Muna kula, sosai ma." Wayarsa ma tana jakarta, don 'yan damfara sun fiye kiran tsofaffi.

A mota ya ce, "Dominic, likita ta ce Laraba."

"Laraba ba ta ƙarewa, Baba. Kowane mako akwai ta."

"Ƙafa kuwa biyu ce kawai."

Dominic ya yi dariya har ya bugi sitiyari. "Ka ji ka! Ai tunda kana barkwanci lafiyarka ƙalau. Ka san me zai kashe ka? Zaman ɗakin nan. Ka ga yadda fuskarka ke haske in ka ga faifai? Ni magani nake kai ka. Kuma bari mu ɗan tara, ba wannan asibitin bin layi ba, wurin likitan masu kuɗi zan kai ka, wanda zai zo har gida."

"Faifan yana ci, yaro."

"Ƙasa da uku cikin ɗari! Kai ka koya mini. Wanda ya ga mai sifili ɗaya ya wuce, ka ce bai san kansa ba."

"Na ce in dole sai ka yi."

"To dole ce. Ko kana da wani aiki da za ka ba ni?"

Fermin ya juya wajen tagar mota. Ya kalli duwatsun da ke bayan gari, ƙanƙara ta fara sauka a kansu. Ya ce a ransa, ai yaron bai yi ƙarya ba, fuskar tana haske. Ita fuska ba ta da kunya.

Akwai ranar da suka ci. Dominic ya tsaya a hanya ya saya masa safa ta ulu mai tsada da sabuwar hula. Safar ba ta shiga ƙafar ba, sai Charlene ta tsaga ta da almakashi. Silifar ma aka tsaga ta. Daga baya aka daina sa komai, aka riƙa lulluɓa masa bargo daga gwiwa zuwa ƙasa. Da ɗakin baya ya fara wari, Charlene ta ce bututun injin wanki ne, ta sayo turaren fesawa mai ƙamshin lemo. Kullum kafin a fita sai ta fesa wa bargon.

"Ku dai ku riƙa cin abinci, Baba," takan ce. "Ni da nake dafa muku, in wanke muku, in share muku, wa ya taɓa ce mini sannu? Wasu da tuni sun kai ku gidan tsofaffi. Mu muna tare da ku dare da rana."

Gaskiya ne, suna tare da shi. Ba a taɓa raka mutum haka ba.

Odessa ce ta fara jin abin da ke ƙarƙashin ƙamshin lemon. Tana tattara kwabbai ta ɗan tsaya, ta dube shi ta ƙasan ido. "Baba, lafiya kuwa? Ka yi fari."

"Lafiya lau yake," in ji Dominic daga sama. "Bai yi barci sosai ba ne."

Mai juya faifai ba ta da damar doguwar magana, ga kyamara a rufi, ga mai duba tebura yana zagaye. Fermin ya buɗe baki. 'Yan kalmomi kawai ake buƙata. Amma ga tsohuwar nan a gefe, ga wani mai bututun iska a hanci, ga Odessa da ta san Dominic tun yana rarrafe. Ya ce wa waɗannan mutane me? Ɗana yana ruɓar da ni? Sai ya ji bakinsa ya ce, "Ke dai juya, yarinya. Hannunki ya yi nauyi, ba haka na koya miki ba."

Ana cikin haka gidan ya ƙara wa teburin dokar Faransawa. In ka ɗora a kan ja ko baƙi, ƙwallo ya faɗa sifili, ba a kwashe duka, rabi ake ɗauka a mayar maka da rabi. Cin gidan ya sauko bai kai ɗaya da rabi cikin ɗari ba. Dominic ya shigo ɗakin baya da labarin kamar an yi masa haihuwa.

"Baba, wannan ai kyauta ce! Ko a birnin Faransawan ma ba kowane gida ke yi ba. Kuma sun ce na ɗan lokaci ne. Kullum za mu je, har su janye."

"Laraba fa?"

"Bari su janye tukuna."

Fermin ya yi tunanin dokar, ya ga ladabinta. Dabba ce mai tarbiyya, ta ciji rabi ta ce ka yi haƙuri. Ya yi dariya shi kaɗai har injin wanki ya gama juyi.

Wata safiya ya tashi jikinsa na rawa, haƙora na haɗuwa. Ya miƙa madubin ƙasa. Tafin ƙafar ja ne har idon sawu. Ƙananan yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin. A gefen ramin kuma wani abu ya fito kore-kore. Ya kalla, ya sake kalla. Ja, baƙi, kore. "To," ya ce wa ƙafar, "kin cika. Saura ƙwallo."

Da Dominic ya shigo ɗaukarsa, bai yi barkwanci ba. "Yau asibiti za ka kai ni. Yatsun sun mutu."

Dominic bai ɗaga bargon ba. Ya dai kalli bango. "Jini ne ya kwanta, Baba, sanyi ne. Jiya ja ya jeru mana, yau dole baƙi ya biya. Muna tashi, wallahi, kai tsaye asibiti. Hanya ɗaya ce ma."

"Faifai ba ya tuna jiya."

"Ka sha wannan." Ya ba shi ƙwayar zazzaɓi biyu da ruwa. Charlene ta zo ta fesa lemo.

A teburin, fitilu suka riƙa yi masa iyo a ido. Yana tura kwabbai inda aka ce, yana jin muryar ɗansa a kunne kamar sauro. Ya san ba za a tashi ba sai la'asar, in an tashi kuma za a ce an gaji, gobe. Ya duba ƙofa, ba zai iya tura kansa ba, Dominic na riƙe da keken. Ya duba rufi, inda baƙar ƙwaryar kyamara take. Sai wani tunani ya zo masa, irin wanda ba ya zuwa wa mai hankali.

A rulet akwai abin da ba a yi. In ƙwallo ya zauna, mai juyawa takan ɗora wani ɗan gunkin gilashi a kan lambar da ta ci. Muddin gunkin nan yana kan tebur, hannun kowa ba ya taɓa shimfiɗar, ko da kuɗinka ne. Wanda ya ƙara kwabo a kan lambar da ta riga ta ci ɓarawo ne, a wannan sana'a babu sunan da ya fi shi muni. Fermin da kansa ya sa an fitar da mutane da dama a kan haka, yana kallonsu da ƙyama ana jan su. Sunansa a garin nan abu ɗaya ne, mai tsabtar hannu. Ba shi da wani abin da ya tara ban da shi.

Ƙwallo ya faɗa sha bakwai. Odessa ta ɗora gunkin. Fermin ya miƙa hannu ya ajiye kwabo ɗaya a gefensa.

Odessa ta ture kwabon da bayan hannu, da sauri, kamar mai korar ƙuda. "Hannu, Baba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka yi gyangyaɗi ne."

"Baba, me kake yi?" in ji Dominic, yana matse masa kafaɗa.

Allah sarki, rufa masa asiri take yi. Ko sata ma bai iya ba, sai an taimaka masa a kama shi. Ya jira aka sake juyi. Ƙwallo ya faɗa takwas, gunki ya sauka. Wannan karon ya tattara duk kwabban da ke gabansa da hannu biyu, ya ɗora su a kan takwas, ya daidaita su tsaf yadda ya saba, sannan ya ɗaga kai ya cire sabuwar hularsa ya gaida kyamara.

Odessa ta dube shi, ya dube ta. Ta kalli bargon. Sai ta ɗaga murya ta kira mai duba tebura.

Masu gadi biyu suka zo. Dominic ya saki keken kamar ya taɓa wuta. "Ya tsufa ne, ya rikice! Ni ban ce ya yi ba, ku tambayi kowa. Katin dai kada ku taɓa, akwai maki a ciki!" Aka ce ya tsaya a waje. Wani ƙaton mai gadi ya tura Fermin ta wata ƙofa marar alama, ya bi da shi wani dogon lungu zuwa ɗakin da ake ajiye irinsu. Fermin ya sha aika mutane ɗakin nan, bai taɓa ganin cikinsa ba. Ashe ba komai a ciki sai tebur da kujera biyu da kalandar kamfanin taya. Ya ɗan ji an rage masa daraja.

Shugaban masu gadin ya fara karanta masa cewa daga yau ba shi ba gidan nan har abada, kuma ya gode wa Allah da furfurarsa ba a kira 'yan sanda ba. Bai kai ƙarshe ba ya tsaya, ya shaƙi iska. A ƙaramin ɗaki lemo ba ya iya aikinsa. Ya sunkuya ya ɗaga bargon. Ya mayar da shi a hankali, ya ɗauki waya.

"Dattijo," ya ce, "tun yaushe?"

"Tun da kuka kawo faifai mai kyau," in ji Fermin.

Rabin ƙafar aka yanke, daga tsakiyar tafi zuwa gaba. Likitar ta ce da an ƙara kwana kaɗan da jininsa ya ɗauka gaba ɗaya. Ta kuma ce in wannan ɗinkin ya sake reto a ƙasa ya buɗe, yankan gaba a saman gwiwa za a yi shi. Fermin ya dubi dunƙulen farin bandejin da aka rataye masa a sama da matashi uku. Ga ƙafa ta samu abin da aka ce a ba ta tun farko, saura rabi.

Wata mata daga ofishin kula da tsofaffi ta zo ta ja kujera kusa da gadon. Ta tambaye shi a hankali wa ke wanke masa ciwon a gida, me ya hana shi zuwa ranakun Laraba, ko akwai wanda ke kai shi inda ba ya so.

"Ni nake so," in ji Fermin. "Tsohon ɗan caca ne ni, 'yata. Ɗana ya yi ta fama da ni."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce tana nan a benen har yamma, in ya tuna wani abu.

Ya kwanta yana jinjina wa kansa. Ya yarda a kira shi ɓarawo a gaban Odessa, ya yarda a yanke shi, duk don kada bakinsa ya furta sunan ɗansa. Irinsa suna da yawa a garin nan. Duk wanda ya shiga gidajen cacarmu da hantsi ya gan su, an jera su a keke gaban injuna da tebura, an rataya musu kati a wuya, wani lafiyayye na tsaye a baya yana danna waya. Kuɗin fanshonsu ne ke juyawa, makinsu ne ke ciyar da gida. Ka tambayi na tsayen ya ce fito da su ya yi su sha iska, a inda babu ko taga. Ka tambayi na zaunen ya ce shi yake so. Gidan caca aƙalla ya rubuta abin da yake ci, kowa na iya lissafawa. Na gida ba ya rubutawa, kuma wanda ake ci shi ke rantsuwa ba a taɓa shi ba.

Da la'asar Dominic ya zo da furanni daga shagon ƙasa, takardar farashin na manne. Idonsa ya yi ja, da alama ya yi kuka a mota, kuma kukan gaske ne. Ya riƙe hannun uban.

"Ka tsorata ni, Baba. Me ya sa ba ka faɗa mini ya kai haka ba?"

Fermin ya rufe ido.

"Charlene tana gaishe ka, ka san ta da asibiti. Sun soke katin, duk makin ya tafi. Amma ba komai, lafiyarka ta fi." Ya gyara furannin a cikin kofin ruwa. Ya zauna. Ya tashi ya leƙa taga, ya dawo. "Na yi tambaya, ashe korar ta gidan nan ce kawai, ba su kai sunanka ko'ina ba. Akwai wani gida can bakin tafki, tafiyar awa ɗaya, su ma suna da mai sifili ɗaya, su ma suna ji da tsofaffi. Ba yanzu ba, Baba, haba. Sai ka warke. Sun ce yaushe za su sallame ka?"

Fermin ya buɗe ido ya kalli ɗansa, goshin uwarsa, kunnuwan kakansa. Sannan ya kalli abin da ya rage a kan matasan. Ya lalubi igiyar da ke gefen gado ya danna maɓallin. Nas ta leƙo.

"'Yata, matar nan mai tambayoyi, ta tafi?"

"Tana nan, Baba."

"Ki ce mata tsohon nan ya yi mata ƙarya ɗazu."

Dominic ya miƙe. "Wace mata? Bari in ba ku wuri."

"Zauna, yaro," in ji Fermin. "Kai ne kai, ai. Ka tsaya ka ji abin da hannu zai ce."